Rasuwar Nini, Kwamfutar Pak Rusmadi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai cike da kunya, Pak Rusmadi, mai shagon buga takardu da ke gindin gadar katako a unguwar Sungai Jingah cikin birnin Banjarmasin, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa kawo masa aiki rasuwar kwamfutarsa, wadda aka fi sani da Nini, wato Kaka. Ta cika ranar Alhamis da hantsi a kan teburinta, tana da shekara goma sha takwas. Ta rasu bayan doguwar jinya da gajeriyar tiyata. Wanda ya yi mata tiyatar shi ne mai wannan sanarwa.

Marigayiya ta shigo gidan Rusmadi cikin kwalekwale mai inji, a naɗe da bargo, shekarar da 'yarsa Mahrita ta shiga aji ɗaya. Tun daga ranar ba ta huta ba sai da salla. Ta buga takardun neman aiki da katunan aure da kundayen ɗaliban jami'a. Ta buga wasiƙun ban haƙuri da na barin aiki. Akwai wani bawan Allah da ta buga wa wasiƙar soyayya guda ɗaya har sau uku, suna kawai ake canjawa, kuma ga shi za ta koma ga masu gwangwan ba ta faɗa wa kowa ba. Sau goma sha ɗaya kogi ya cika ya shigo shagon a zamaninta, kowane karo kuwa ita ake fara ɗagawa kan bulo kafin a tuna da buhun shinkafa, abin da uwargida, Bu Salasiah, ta ce ta yafe amma ba ta manta ba.

Waɗanda suka san ta za su tuna muryarta. Da safe in an danna mata maɓalli, sai fankarta ta fara gurrr kamar tsoho yana gyaran murya, sannan ta yi shiru tana tunani. A cikin wannan shirun Rusmadi yakan dafa shayi, ya ci waina biyu, ya share ƙofar shago, ya gaisa da mai sayar da kifi. Yana dawowa sai ta yi 'yar waƙarta, tan-tan-taran-tan, ta buɗe ido. In mutum ya yi kuskure takan ce ɗin! sau ɗaya, ba ta maimaitawa, ba ta gori.

Kamar kowace kwamfuta, tana da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, wadda ke nuna wa mutum inda komai yake. Tata tsohuwa ce, mai hoton koren tudu da shuɗin sama. A kan wannan manhajar ne gidan Rusmadi ya rabu uku, kuma ba za a fahimci rasuwar ba sai an faɗi rigimar.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci iyali sukan taru a ci gasasshen kifi da shinkafa. Akwai Ideham, ƙanen Bu Salasiah, mai zana allunan talla da hotunan 'yan takara, wanda ke yawo da siririyar na'ura mai tambarin tuffa, yana shafa ta kamar kyanwa. Akwai Mahrita, wadda ta girma ta zama malamar kwamfuta a wata sakandare, ita kuma tata manhajar ta kyauta ce, mai tambarin tsuntsun ƙanƙara. Ba a kai loma ta uku sai an fara.

"Yaya," in ji Ideham, "wannan tsohuwar taka fa, kafin ta gane kai waye ni na gama aikin yini. Zo ka taɓa tawa sau ɗaya. Ba neman komai, ba lalube. Ɗan yaye ma zai iya aiki da ita."

"Dole ɗan yaye ya iya," in ji Rusmadi, "tunda kuɗinta ya isa a yi masa aure. Kuma ranar da ka zo haɗa ta da firintata, ba sai da ka koma gida ɗauko wata igiya ba? Igiyar ma da tata igiyar."

"Abu mai kyau ai ba ya araha, Yaya."

"Ku biyun nan tausayi kuke ba ni," in ji Mahrita, tana cire ƙayar kifi, ta dubi babanta, wanda take kira Abah. "Tawa ko rupiah ɗaya ba a biya, Abah. Mutanen duniya ne suka taru suka gina ta kamar aikin gayya. Ba ta da nauyi, na'urar da ta tsufa ma tana ɗaukarta da gudu."

"Kyauta ce, gaskiya," in ji Ideham, "sai dai mutum ya yi digiri kafin ta yarda ta buga masa shafi ɗaya."

"Kawu, wannan zancen ya shekara goma da mutuwa. Kai ne ba ka zo ta'aziyya ba."

Rusmadi yakan rufe taro da magana ɗaya: shi yatsunsa sun san hanya ko da ido a rufe, kuma wanda ya iya aiki ba ya canja kayan aiki don kwalliya. Bu Salasiah kuma takan ce duk wanda ya sake ambaton kwamfuta shi zai wanke kwanuka. Abin da mai makoki bai taɓa faɗa a kan tabarmar nan ba, yanzu zai faɗe shi tunda abin ya ƙare: ba kyan manhajarsa ya riƙe shi ba. Tsoro yake ji ranar da zai zauna gaban allo bai san inda zai danna ba, ya juya ya tambayi yarinyar da shi ya koya mata riƙe fensir.

Cikin manyan ayyukan marigayiya, babu kamar littafin Pak Guru Hamberan. Pak Guru, wato Malam a harshen garin, tsohon malamin firamare ne, shekararsa tamanin da ɗaya, kuma rabin mutanen unguwar sun bi ta ajinsa, har da Rusmadi. Hannunsa ya fara rawa, ba ya iya rubutu. Shekara uku ke nan, duk Talata da Alhamis da safe, yakan zo da sandarsa ya zauna a kujerar roba, yana faɗa Rusmadi yana bugawa: tarihin mutanen bakin kogin, wa ya haƙa wace mashiga, gidan wa aka san su da sassaƙar jirgi, wace shekara gobara ta ci kasuwa, wa ya auri wa har aka daina gaba tsakanin ƙetare da ƙetare. Ya bi tsofaffi gida-gida ya tambaye su kafin ya zo ya faɗa. Littafin ya kai shafi ɗari biyu da arba'in, tsofaffin ɗalibansa kuma sun shirya kai shi maɗaba'a wata mai zuwa. Sau ɗaya ya taɓa tambaya, yana nuna Nini da sanda, "Rusmadi, abin nan ba ta mantuwa?" Rusmadi ya dafa kanta ya ce, "Pak Guru, ni zan manta sunana kafin ta manta harafi ɗaya."

Jinya ta fara a hankali. Da farko ta daina riƙe kwanan wata. Kullum ta farka sai ta ɗauka ana cikin Janairun wata shekara da ta daɗe da wucewa, sai Rusmadi ya gyara mata cikin ladabi kamar yadda ake yi wa tsofaffi. Daga nan ƙofofin intanet suka fara rufe mata ɗaya bayan ɗaya, don masu manhajarta sun daɗe da sanar da cewa sun sallame ta. Mai neman a cike masa takardar hukuma sai ya zauna ya zauna, ya gaji, ya tashi ya ce zai je ya dawo. Rusmadi yana kallonsu ta taga suna haye gada zuwa wajen Ideham.

Wata ranar Laraba Mahrita ta tsaya a shagon bayan ta tashi daga makaranta. Ta saurari fankar, ta duba nan ta duba can.

"Abah, in aka sa mata manhaja irin tawa za ta ƙara shekaru. Amma faifan cikinta mai ajiye komai ya gaji, ina jin ƙararsa. Kafin a taɓa komai sai an kwashe duk abin da ke ciki an ajiye a wani wuri. Ran Asabar zan zo mu yi tare. Ka bar ta kawai."

"Wa ya ce miki ina so?"

"Ba wanda ya ce. Na dai ga kana leƙen gada."

Ta tafi ta bar filashin da manhajar ke ciki a kan tebur, kusa da kofin shayi. Har yau tana cewa mantuwa ta yi.

Washegari Alhamis Pak Guru bai zo ba, ƙafarsa na ciwo. Rusmadi ya zauna yana kallon filashin, filashin na kallonsa. Sai ya hango Juma'a: ana cikin cin kifi, Ideham ya fara surutunsa, shi kuma ya miƙe ba tare da ya ce komai ba, ya kunna Nini, ta tashi cikin ƙiftawar ido da sabuwar manhaja, wadda ya sa da hannunsa, ba taimakon kowa. Ya ga bakin Ideham a buɗe. Ya ga Mahrita ta ajiye cokali. Batun kwashe kayan ciki kuwa, ya tuna da shi sarai, amma ya yanke cewa irin tsoron yaran zamani ne.

A lokacin akwai mata biyu 'yan unguwa a kan benci suna jiran a buga musu takardar ƙungiyar adashi. Wannan ya ƙara lalata lamarin. Da allo ya tambayi harshen da za a yi aiki da shi, ga harshen ƙasa nan a jere, amma saboda akwai masu kallo sai Rusmadi ya zaɓi Turanci. Turancinsa kuwa duka bai wuce cikin tafin hannu ba. Ya yi ta danna "ci gaba" da ƙarfin hali, ɗaya daga cikin matan tana cewa, "Kai, Pak Madi ashe injiniya ne." Sai aka zo wani shafi mai zaɓi biyu. Daga baya ya ji fassararsu. Ɗaya yana cewa a zaunar da sabuwar manhaja kusa da tsohuwar, kowa da ɗakinsa. Ɗayan yana cewa a share duk abin da ke cikin faifan. Rusmadi ya zaɓi wanda rubutunsa ya fi gajarta. Allo ya fito da gargaɗi, ya sake tambayarsa ko ya tabbata. Shekara goma sha takwas yana amsa wa gargaɗi da "to" ba abin da ya taɓa faruwa. Ya ce to.

Ya kamata a faɗa domin adalci: manhajar Mahrita ba ta yi laifin komai ba. Ta tambaya sau biyu, cikin ladabi. Abin da aka ce ta yi shi ta yi.

Aiki ya kai rabi sai tsohon faifan ya fara wani sauti da ba a taɓa ji daga bakin marigayiya ba: ƙas, ƙas, ƙas, kamar ana taunar tsakuwa. Rusmadi ya ba ta maganin da ya saba, wato mari ɗaya a gefen dama. Ƙarar ta ƙaru. Ya ƙara mata a hagu. Sannan ya tsorata ya fizge wayar wuta daga bango. Da ya mayar ya danna maɓalli, fanka ta juya sau biyu, Nini ta ce ɗin, ɗin, ɗin, a hankali, ita da ba ta taɓa maimaita magana ba. Daga nan ba ta sake cewa komai ba. Matan biyu suka tattara takardunsu suka fita a kan yatsun ƙafa.

Mahrita ta zo da la'asar. Ta kwance bayan na'urar, ta ciro faifan, ta haɗa da tata, ta daɗe tana kallo. Ta kai wa wani mai gyara da ta yarda da shi a cikin gari, ya kwana biyu da shi ya dawo da shi a leda.

"Abah," ta ce, "ka share ta, sannan ka doke ta, sannan ka shaƙe ta. Ko ɗaya daga ciki ya isa." Ta ajiye ledar. "Littafin Pak Guru fa? Ka ce mini akwai shi a wani wuri."

Babu shi a ko'ina.

Juma'ar nan ba wanda ya ambaci kwamfuta. Ideham ya buɗe baki sau ɗaya, yayarsa ta dube shi, ya cusa shinkafa. Rusmadi ya ce da ma sun yi masa dariya da ya fi sauƙi. Ranar Talata da ya hango Pak Guru yana tahowa da sanda, mutum mai shekara hamsin da huɗu ya rufe shago ya shige bayan tankin ruwa, yana jin tsohon yana ƙwanƙwasa ƙofa, yana jira, yana sake ƙwanƙwasawa, har ya juya. Bu Salasiah ce ta same shi a can.

"Baban Rita, fito. Tsohon nan da ciwon ƙafa ya tako. Ko ka je ka faɗa masa yau, ko ni in je in faɗa masa har da inda na same ka."

Ya tafi bayan azahar. Ya tarar da Pak Guru a barandar gidansa da ke kan ruwa, ya zauna ƙasa kusa da ƙafarsa, ya faɗi komai, bai rage ko Turancin ba. Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama, Pak Guru ya daɗe yana kallon kogi. Wani kwalekwalen ayaba ya zo ya wuce, igiyar ruwansa ta bugi ginshiƙan gidan ta lafa.

"Abin da na gani da idona zan iya sake faɗa," ya ce. "Amma cikin tsofaffin da na tambaya, bakwai sun rasu."

Rusmadi ya sunkuyar da kai. Ya ce a ransa da tsohon zai ɗaga sandar nan da ya gode masa.

"Rusmadi, wa ya koyar da kai a aji uku?"

"Kai ne, Pak Guru."

"Me na ce a yi kafin a amsa tambaya?"

"A karanta ta har ƙarshe."

"Ashe kana ji." Ya goge idonsa da gefen zane. "Tashi daga ƙasa, katakon da laima. Ka sha shayi ka tafi, yau ba na son ganinka. Jibi ka dawo."

Da ya koma ranar Alhamis, Pak Guru ya tuna masa abin da kunya ta kore daga kansa. Duk lokacin da suka gama labarin wani gida, tsohon yakan sa a buga shafukan a takarda, ya kai wa mutanen gidan su duba ko an yi wa kakansu ƙarya. Mafi yawansu ba su dawo da takardun ba. Littafin yana nan, a warwatse cikin unguwa.

Mako uku ke nan Rusmadi yana bin gidaje, ta gada da ta kwalekwale. A kowace ƙofa sai an tambaye shi me ya sami na cikin kwamfutar, sai ya sake ba da labarin daga farko, kuma ya lura labarin yana riga shi isa: a wani gida tun kafin ya yi sallama wata tsohuwa ta leƙo ta ce, "Injiniya ne? Shigo." An ciro masa shafuka daga ƙarƙashin katifa, daga cikin akwatin kayan aure, ɗaya a cikin firam a bango, uku kuma da tabon man soyayyar ayaba. Zuwa yau an samu ɗari da saba'in da shida. Mahrita tana ɗaukar hoton kowanne tana ajiyewa a wuri uku. Rusmadi yana sake bugawa a na'urarta, tana zaune kusa da shi, yana tambayarta ina ake danna kaza, tana nuna masa. Ya gano cewa tambayar ba ta kashe mutum. Ya kuma gano cewa manhajar tata, bayan kwana huɗu na ƙunƙuni, tana buga harafi kamar kowace. Ideham ya ɗauki nauyin zana bangon littafin a tasa, ya fito da kyau ƙwarai, abin da mai makoki ya amince da shi a rubuce sau ɗaya tak, a nan, kuma ba zai maimaita a baki ba.

Marigayiya ta bar firinta ɗaya mai tari, da allo mai ƙaton ƙeya, da madannai waɗanda haruffa tara suka goge a kansu, da linzami, wato maus, wanda ya riga ya koma gidan wani. Ta bar mai gidanta, wanda ke neman afuwar duk wanda wata takardarsa ta tafi tare da ita.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi da ƙarfe tara na safe. Za a ɗauki gawar daga shago zuwa mashigar gindin gada, inda kwalekwalen mai sayen tsofaffin ƙarafa zai karɓe ta. An tuntuɓi limamin unguwa, ya ce a cire shi daga wannan magana. Za a zauna karɓar gaisuwa a shagon har la'asar, akwai shayi da waina. Masu niyyar cewa "ai na faɗa maka" su bi layin hagu, Ideham ne a gaba. Ba a buƙatar gudummawar komai, sai abu ɗaya: duk wanda ke da shafin littafin Pak Guru Hamberan a gidansa, ko ya yage, ko an naɗe kifi da shi, ya zo da shi. Ana neman mutanen gidan masu sassaƙar jirgi na ƙetare musamman, don shafi goma sha ɗaya na hannunsu.

Ranar Talata da safe ba za a karɓi gaisuwa ba, ƙofa za ta kasance a rufe. Akwai babi ɗaya da ba a taɓa buga wa kowa ba, na gidan su marigayiya matar Pak Guru, don babu wanda ya rage a gidan da za a kai wa ya duba. Ya ce zai zo ya sake faɗarsa daga farko. Ya ce a tanadi shayi da yawa, kada a gaggauta shi, kuma in ya yi shiru a jira shi.